Ku Tambaya, Mu Amsa: Aikin Gidan Namun Daji da Gidan Halittun Ruwa

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru a kan abu guda: aikin kula da namun daji da halittun ruwa. Mun taƙaita tambayoyin, kuma mun cire sunaye kamar yadda aka saba. Likitocin dabbobi da masu kula da namun daji ne suka haɗa hannu wajen amsawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, na kusa gama sakandare, kuma Allah Ya ɗora mini son dabbobi. Ina so in yi aiki a gidan namun daji. Me zan karanta, kuma yaya aikin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗanmu. Son dabbobi abu ne mai kyau, amma shi ne mafi araha cikin abin da za a nema a wurinka, domin duk mai neman aikin da shi yake zuwa. Ka karanta ilimin dabbobi, ko kula da namun daji, ko likitancin dabbobi. In ɓangaren ruwa ne a ranka, to kiwon kifi da kimiyyar ruwa. Sannan ka nemi wurin da za ka yi aikin sa kai tun kana karatu. Mai ɗaukar ma'aikata ya fi amincewa da wanda ya taɓa share garke ya ɗauki taki a kan mai takarda zalla.

Aikin kuwa da kallo yake farawa. Da safe, kafin ka taɓa tsintsiya, sai ka zagaya sashenka ka ƙirga dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tashi? Akwai mai ɗingishi? Abincin jiya ya yi saura? Yaya kashinsu yake, ya yi ruwa ko ya sake launi? Ka duba shinge: waya ba ta tsinke ba, reshe bai faɗo ya jingina da katanga ya zama tsani ba. Dalilin wannan ƙwaƙƙwafi shi ne naman daji yana ɓoye ciwo. Barewar da ta nuna rauni a dawa ita zaki zai fara bi, don haka ta gaji dauriya, kuma ba ta barin wannan hali don an sa ta a keji. Ranar da ɗan kallo ya lura ba ta da lafiya, galibi an makara. Shi ya sa ake horar da dabbobi hawa sikeli. Ƙaramin tsuntsu da ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa yana bukatar likita ko da yana ta tsalle-tsalle.

Duk abin da ka gani sai ka rubuta a ranar. Gidajen namun daji da na halittun ruwa fiye da 1,000 a duniya suna zuba bayanansu a rumbun kwamfuta mai suna ZIMS, kuma daga irin wannan rubutu likita ke gane abin da ya sauya. Sauran yini shara ce, da wanke kwanuka, da auna abinci, da gyaran keji. Dabba ba ta san ranar hutu ba. Kafin ka fara, a yi maka rigakafin tetanos da na ciwon haukan kare, da gwajin tarin fuka.

Tambaya: Yaya masu kula da zaki ke shiga kejinsa su share? Ko sabo ne ya sa ba ya taɓa su?

Amsa: Malam, sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma haka zaki yake kallon mai ba shi abinci. A gidan da ya san aikinsa, mutum da zaki ba sa tsayawa a fili ɗaya, ko da a hannu aka rene shi.

Kejin yana da ɓangare biyu ko fiye: filin da jama'a ke kallo, da ɗakunan kwana a baya. Tsakaninsu akwai ƙyauren ƙarfe da ake ja daga waje. In za a share fili, sai a kira zakunan zuwa ɗaki da nama, a rufe ƙyauren, a danna sakata, a sa kwaɗo. Bayan nan sai abin da ya fi komai: ka ƙirga su da idonka. In huɗu ne, ka ga huɗu. Wutsiya da ka hango a kusurwa ba ta isa ba, sai ka ga kai. Ka ja kowane kwaɗo da hannu, don kwaɗo yakan shiga bai ɗanu ba, a ido kuwa kamar a kulle. Ka sa makullin a aljihunka, kada ka bar shi a jiki. Ka sanar ta oba-oba cewa ka shiga, in ka fito ka sake sanarwa. Hanyar ma'aikata kanta ƙofa biyu gare ta, kuma ba a buɗe ta biyu sai an rufe ta farko.

Haɗari ba kasafai yake zuwa daga karyewar ƙarfe ba. Ma'aikata biyu ne a sashe, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya kulle. Ko an kira mutum a waya yana tsakiyar kulle-kulle, ya dawo ya ci gaba daga inda yake zaton ya tsaya. Ko yau an ware zakanya ɗaya a wani ɗaki saboda magani, lissafin da hannu ya saba ya rikice. Dokar ita ce: duk wanda aka katse, ya koma ya fara daga kwaɗon farko. Sabon ma'aikaci ba ya cika yin wannan kuskure, don tsoro bai bar shi ba. Wanda ya shekara goma yana yi, hannunsa na aiki zuciyarsa na wani wuri, shi ake ji wa.

Kowane nama da irin shingensa. Damisa mahayiya ce, kejinta sai da rufi. Manyan birai suna kwance noti da yatsu, kuma suna da haƙurin yini guda a kan guda ɗaya. Ramin da ake haƙawa tsakanin dabba da 'yan kallo a maimakon sandunan ƙarfe, wanda Carl Hagenbeck ya yi suna da shi a Hambag ta Jamus a 1907, shi ma sai ana duba shi. In ƙasa ta zaizayo ta cike gindinsa, tsallen da ya gagara jiya yau zai yiwu.

Tambaya: Na ga labarin goggon birin da aka harbe a Amurka lokacin da yaro ya faɗa kejinsa. Me ya hana a yi masa allurar barci?

Amsa: Malama, Harambe kike nufi, a gidan namun daji na Sinsinati, a watan Mayun 2016. Yaron shekararsa 3, birin kuwa nauyinsa kusan kilo 200. Allurar da ake harbawa ba ta kayar da dabba nan take. Tana ɗaukar minti 5 zuwa 10, har fiye in dabbar a fusace take. Zafin sukar kuma yana ƙara harzuƙa ta, ga yaro a hannunta. Wannan lissafin aka yi.

Ko ba cikin gaggawa ba, sa naman daji barci babban aiki ne, kuma likita ba ya yin sa sai dole. Dabbobi masu tuƙa suna iya mayar da abin da ke tumbinsu ya shiga huhu, saboda haka ake hana su abinci kafin aikin, a kwantar da su a kan ƙirji, baki na kallon ƙasa. Giwa akasin haka ce: in ta daɗe a kan ƙirji numfashi yana gagararta, sai a gefe. Raƙumin dawa ya fi kowa wuya. Faɗuwar kanta tana iya karya shi, kuma dole a tallafe wuyan a miƙe a kan katako, kai sama da tumbi. Kowace dabba ana rufe mata ido da ƙyalle, a toshe kunnuwa, a yi shiru.

Maganin barcin da ake yi wa giwa da karkanda, etofin, ɗan abin da bai kai ɗigo ba yana iya tsayar da numfashin mutum. Ba a zuƙo shi a sirinji sai makarinsa na kusa, da mutum na biyu a tsaye wanda ya iya yin allurar.

Akwai kuma abin da ke kashe barewa da gwanki bayan an kama su lafiya. In an kore su da gudu sun galabaita cikin firgici, tsokarsu tana lalacewa, fitsari ya koma ja ko ruwan ƙasa, ƙoda ta gaza, su mutu bayan sa'o'i ko kwanaki. Da wuya magani ya yi tasiri in abin ya fara. Don haka ake kamu da sanyin safiya, kuma in an yi 'yan mintuna ana bi ba a samu ba, a bari sai wata rana.

Tambaya: To in allurar barci na da haɗari haka, yaya ake ɗibar jinin zaki ko a duba ƙafar giwa?

Amsa: Da horo, ɗan'uwa, kuma babu duka a ciki. Kayan aikin uku ne: sanda mai ƙwallo a kai, da usur, da lomar abin da dabbar ta fi so. Da farko ana koya mata cewa ƙarar usur na nufin lada na tafe: a busa, a ba ta, a busa, a ba ta. Sai a nuna sandar. Da ta taɓa ƙwallon da hanci, a busa a daidai wannan lokacin, a ba ta. In wannan ya zauna, sandar ta zama linzami, duk inda aka kai ta dabbar za ta bi.

Ga yadda ake kai wa ga jinin zaki. A koya masa kwanciya a jikin raga, gefensa na manne da ita. A zaro wutsiyarsa da ƙugiya ta wata kafa a ƙasan ragar, a saki nan take, a ba shi nama. Gobe a riƙe ta daƙiƙa 5, jibi 10. Sai a saba masa da taɓawa, da ƙarar askar aski, da sanyin sifirit, da danna allura marar tsini. Allurar gaskiya ita ce ta ƙarshe, bayan makonni ko watanni. Mutum ɗaya na ba shi nama da doguwar sanda a wajen kai, likita na aiki a wajen wutsiya. Kowane zama minti 5 zuwa 10 ya isa, kuma a tashi yana kan nasara. In ya janye wutsiyar, a sakar masa. Sanin cewa yana iya tashi duk lokacin da ya so shi ke sa ya kwanta.

Abin da ke ɓata horo: jinkirin busa usur, har dabbar ta ɗauka juyawar da ta yi bayan nan ce aka saka mata, gaggawar tsallake mataki, masu horo uku kowa da alamarsa, sai yaudara, wato a kira ta da alamar wasa a rufe ta a soka mata allura. Yaudara ɗaya tana rushe aikin wata uku.

Giwa ma haka. Tun wajen 1991, lokacin da aka gwada tsarin a San Diyego ta Amurka, gidaje da yawa sun koma aiki da giwa ta bayan shinge. Tana miƙo ƙafa ta taga ta ɗora a kan ƙarfe, a wanke, a cire tsakuwar da ta maƙale, a goge farata da magagari, a rage tafin da ya yi kauri. Ciwon ƙafa na cikin manyan matsalolin giwar da ke tsare, saboda tsayuwa a kan siminti mai laima da ƙarancin tafiya. Farce ya tsage, ƙwayar cuta ta shiga, ta kai ga ƙashi. Yashi mai zurfi a ɗakin kwana ya fi kowane magani. Jini kuwa daga jijiyoyin bayan kunne ake ɗiba. Don gwajin tarin fuka, a zuba mata ruwan gishiri na asibiti kamar mililita 60 a hanci, ta ɗaga shi sama, ta sauke ta feso cikin leda.

Tambaya: An ɗauke ni mataimaki a gidan baje kolin kifaye. Mun cika sabon tanki da ruwa garai-garai, muka zuba kifi, cikin mako suka fara mutuwa. Ruwan kuwa har yanzu tas yake. Ina matsalar?

Amsa: Malam, kallon kitse kuka yi wa rogo. Ruwa yana iya zama kamar madubi alhali guba ce a ciki. Mai aikin tanki ruwa yake kiwo kafin kifi.

Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba, amoniya, ta kunnuwan numfashinsa, ragowar abinci da kashi su ma suna ruɓewa su ƙara ta. A tsohon tanki akwai bakteriya da ke zaune a cikin mataci: wasu su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne don yana hana jini ɗaukar iska, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa da canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6. Ku kun zuba kifi a tankin da babu mai kwashe masa guba.

Abin yi yanzu: ku dakatar da abinci kwana 2 ko 3, ba zai kashe su ba. Ku canza kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na ruwan, da ruwan da aka kashe wa kilorin, mai zafi daidai da na tankin. Ku ƙara iska. Ku ɗebo soso ko tsakuwar mataci daga tsohon tanki mai lafiya ku sa a sabon. Ku auna ruwa kullum. Amoniya da naitirait sifili ake so, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 40 a lita a ruwan daɗi. Ku lura da cewa amoniya tana ƙara dafi in ruwa ya yi ɗumi ko ma'aunin pH ya hau, wato tsamin ruwa ya ragu, shi ya sa ta fi saurin kisa a ruwan teku, inda pH ke tsakanin 8.1 da 8.3.

Tunda sabo ne kai, ga wasu tarkuna da ke jiranka. Kada ka wanke soson mataci da ruwan famfo, kilorin zai kashe bakteriyar ka koma gidan jiya. Ka ɗauraye shi a bokitin ruwan tankin. In wuta ta ɗauke sa'o'i da yawa, ruwan da ya tsaya cikin rufaffen mataci yana ruɓewa, sai ka zubar da shi kafin ka tayar da injin. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, ya sauko wajen 7.5 a digiri 30, don haka ranar zafi ce kifi ke taruwa a sama suna haki. A tankin ruwan teku gishiri giram 35 ne a lita. In ruwa ya ragu saboda tururi, da ruwan daɗi ake cikawa, domin gishirin bai tafi ko'ina ba. Masu cikawa da ruwan gishiri suna ƙara masa kauri ba su sani ba. Maganin da ke da sinadarin tagulla yana kashe ƙwarin jikin kifi, amma yana kashe murjani da ƙaguwa da jatan lande, kifin shak ma ba ya jure shi sosai, saboda haka a tankin jinya kaɗai ake sa shi. In kuwa ka ga 'yan kumfa a cikin idon kifi ko a fikafikansa, duba bututun da ke shiga injin turo ruwa: yana zuƙar iska ta wata tsaga, yana matse ta cikin ruwan.

Sabon kifi kuma ba a juye shi haka nan. A ɗora ledar a kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, a riƙa ɗiga masa ruwan tanki a hankali, sannan a cire shi da raga. Ruwan ledar a zubar.

Tambaya: Gaskiya ne oktofas, halittar nan mai hannaye takwas, tana tserewa daga tanki?

Amsa: Gaskiya ne, 'yarmu. Ba ta da ƙashi, abu mai tauri a jikinta shi ne bakinta mai kama da na aku, kuma duk kafar da bakin ya wuce jikin zai bi. Murfinta sai da sakata, bakin kowane bututu sai da raga, kuma ana liƙa ciyawar roba a gefen tankin daga sama, don hannayenta ba sa iya manne mata.

Tambaya: Za a mayar da ni sashen macizai, kuma akwai masu dafi. Me ya kamata in sani?

Amsa: Da farko, Malam, ba a kama maciji mai dafi da hannu don nuna gwaninta. Ana ɗaga shi da ƙugiya, a ba shi abinci da dogon awartaki. Keji mai kyau yana da akwati da macijin ke shiga a rufe daga waje kafin shara. In likita zai duba shi, sai a lallaɓa shi ya shiga bututun roba mai haske, wanda faɗinsa bai isa ya juya kai a ciki ba. In kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin jikinsa ya shige, a damƙe bakin bututun da jikin tare da hannu ɗaya. Bututu mai faɗi da yawa shi ke jawo sara. Ga gamsheƙa mai tofi, sai da garkuwar fuska. In dafi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

Ba a buɗe kejin mai dafi sai mutum biyu na wurin. Kafin ka buɗe, ka ga inda kan yake. Kowane keji da katin sunan macijin da na makarinsa, kuma katin ne ke bin wanda aka sara zuwa asibiti. Makari yana firji, tsakanin digiri 2 da 8, ana duba ranar lalacewarsa. In an yi sara: a kulle macijin, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a tafi asibiti. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau. Kada kuma a ce bari a gani. A 1957 Karl Schmidt, babban masanin macizai a Shikago ta Amurka, ɗan ƙaramin bumsilang, wani maciji mai dafi na Afirka, ya sare shi a yatsa. Ya ɗauka bai isa ya yi kisa ba, ya zauna yana rubuta abin da yake ji. Washegari ya rasu.

Su kansu macizan, zafi ne rayuwarsu. Keji ya kasance gefe ɗaya ɗumi, ɗaya sanyi, su zaɓa da kansu, kuma a kare fitilar ɗumi da raga, don maciji yana naɗe ta ya ƙone bai janye ba. Ɓera matacce ake ba su, mai kauri kamar tsakiyar jikinsu. Mai rai yana iya cizon macijin da bai ji yunwa ba. Bayan ci, a bar su kwana 2, in ba haka ba su amayar. Ƙadangaru da kunkuru da hawainiya suna bukatar hasken UVB, wani sashe na hasken rana, don jikinsu ya sha kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Gilashi yana tare wannan haske, fitilar kuma tana raunana cikin wata 6 zuwa 12 ko da tana ci. Alamar rashinsa muƙamuƙi mai laushi ne, da ƙafafu a lanƙwashe, da ƙoƙon kunkuru da ke lotsawa. Ka wanke hannu bayan kowane keji saboda ƙwayar cutar salmonela.

Tambaya: Ma'aikaci ya hana ni miƙa wa biri ayaba. Ba abincinsa ba ne?

Amsa: Hajiya, ya yi daidai. 'Ya'yan itacen da biri ke ci a daji suna da ɗaci da harza, zaƙinsu kaɗan. Ayabar gona mutum ne ya yi ta zaɓenta har ta zama alewa. Tana jawo wa birai ƙiba da ruɓewar haƙori da ciwon sukari. Gidan namun daji na Paignton a Ingila ya sanar a 2014 cewa ya daina ba biransa ayaba, ya koma ganye da kayan lambu. Sannan ki tuna ba ke kaɗai ba ce: in mutum ɗari kowa ya miƙa guda ɗaya fa?

Irin wannan kuskure, na ba dabba abin da ya yi kama da abincinta, ya cika aikin. Zaki a dawa yana cin ƙashi da fata da kayan ciki. In tsoka zalla ake ba shi, kilo 4 zuwa 6 a rana, ya ƙoshi amma babu kalsiyam, 'ya'yansa su taso ƙasusuwa na karyewa. Rashin bitamin A kuma yana sa ɗan zaki tangaɗi da ɗaga kai sama. Tsuntsun teku fengwin da sauran masu cin daskararren kifi suna rasa bitamin B1, domin wasu kifayen na ɗauke da sinadarin da ke lalata shi. Ana ƙara musu miligiram 25 zuwa 30 a kowane kilo na kifi, tare da bitamin E. Kifin a cikin firji ake narkar da shi, a yi amfani da shi cikin sa'a 24. Baƙar karkanda kuwa da wasu tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace, yawan sinadarin ƙarfe a abinci ne ke taruwa a hantarsu ya illata su.

Tambaya: An ce an kawo sabuwar dabba, amma an fi wata guda ba a fito da ita ba. Me ake jira?

Amsa: Killace ta aka yi, ɗan'uwa. Mafi ƙaranci kwana 30, macizai har 90. A wannan lokaci ana gwada jini, a duba kashi har sau uku a jere ba a ga tsutsa ba, birai kuma a yi musu gwajin tarin fuka. Ɗakin killacewa da tsintsiyarsa da takalmansa, kuma mai kula da shi a ƙarshen yini yake shiga, kada ya ɗebo cuta ya zaga da ita. In an ƙaro wata dabba ɗakin, lissafin kwanaki ya koma farko.

Cuta ta kowane ɓangare take tafiya. Murar mutum da ƙyanda suna kwantar da manyan birai, shi ya sa ake sa takunkumi a gabansu. Biran makak na Asiya kuma suna ɗauke da wata ƙwayar cuta da ba ta dame su ba amma tana kashe mutum in ba a yi magani ba. In ɗayansu ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu minti 15 cur ana duba agogo, sannan a nufi likita.

Tambaya: In aka reni ɗan naman daji da kwalbar madara tun yana jariri, ai zai fi sauƙin kulawa in ya girma?

Amsa: A'a, Malama, ya fi wuya, shi ya sa ba a raba ɗa da uwa sai ta ƙi shi ko ta mutu. Tsuntsun da ya buɗe ido ya ga mutum yakan ɗauki kansa mutum, in ya balaga ya ƙi jinsinsa. Lokacin da aka kwashe sauran ungulayen Kalifoniya ta Amurka daga daji a 1987, su 27 kacal suka rage a duniya, masu renon 'ya'yansu sai suka riƙa ɓuya suna ba su abinci da safar hannu mai siffar kan uwa, don kada su saba da fuskar mutum. A 1992 aka fara sakin su.

Ga masu ƙaho kuwa abin ya fi muni. Namijin barewa ko gwanki da aka rena a hannu ba ya tsoron mutum, kuma in lokacin barbara ya zo, abokin hamayya yake ganin wanda ya rene shi. Wanda uwarsa ta rena, in ka shiga fili, gudu zai yi zuwa ɗaya gefen. Na hannu zai tsaya, ya sunkuyar da kai, ya taho. Irin wannan ana rubuta sunansa a jerin masu haɗari, a yi aiki da shi ta bayan ƙyaure kamar yadda ake yi da zaki.